Sunan Allah a Kirarin Ƙasa da Halin Wanda Bai Yi Imani Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan sun saba tasowa a Zariya duk lokacin da wata rigima ta kunno kai a kan naira, ko taken ƙasa, ko rantsuwar kama aiki. Ana yin su a majalisar shayi, ana yin su a Kongo inda ɗaliban lauya ke da bakin magana, ana kuma turo su ta waya da daddare. Mai rubutun nan Musulmi ne, gara a san da haka tun daga farko. Inda aka ce "kirarin ƙasa" ana nufin 'yar gajeriyar jimlar nan da ke ƙasan tambarin ƙasa, inda aka ce "taken ƙasa" kuma ana nufin waƙar da ake rerawa a tsaye.

Mene ne kirarin Najeriya, kuma akwai sunan Allah a cikinsa?

Kirarin shi ne "Haɗin Kai da Imani, Zaman Lafiya da Ci Gaba". Yana rubuce a kan ƙyallen da ke ƙarƙashin fararen dawakan nan biyu na tambari, kuma sashe na 15 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambace shi kalma da kalma. Lokacin samun 'yanci a 1960 rabinsa na farko kaɗai ke akwai. A 1978 aka ƙara zaman lafiya da ci gaba.

Sunan Allah bai fito a cikinsa ba. A wasu wuraren ne ya fito, kuma da yawa. Gabatarwar kundin tsarin mulki ta ce mun amince mu zauna a matsayin ƙasa ɗaya "a ƙarƙashin Allah". Alkawarin ƙasa da yara ke karantawa a layi, wanda Felicia Adebola Adedoyin ta rubuta a 1976, da roƙon taimakon Allah yake ƙarewa. Taken ƙasar da aka yi amfani da shi daga 1978 zuwa 2024 yana da baiti guda da addu'a ce zalla, haka ma tsohon taken da Shugaba Tinubu ya sa hannu aka dawo da shi a watan Mayun 2024. Rantsuwar shugaban ƙasa da ta gwamna da ta alƙali duk da "Allah Ya taimake ni" suke rufewa. Kuratan da ake horarwa a Daffo, barikin horar da sababbin sojoji, nan cikin Zariya kuwa, tambarin rundunarsu cewa yake nasara daga Allah take, da haruffan Larabci. Dattawa za su tuna cewa kirarin tsohuwar Jihar Arewa ta zamanin Sardauna shi ne "Aiki da Ibada".

To "Imani" ɗin da ke cikin kirarin, imani da wa?

Kundin bai fayyace ba. Masu addini suna karanta shi a matsayin imani da Allah, wasu lauyoyi kuma suna cewa amincewa ce da ƙasar kanta da makomarta. Senegal da Mali suna da irinsa, "Al'umma Ɗaya, Manufa Ɗaya, Imani Ɗaya", alhali tsarin mulkinsu ya raba gwamnati da addini. Wannan rashin fayyacewa shi ya sa kirarin namu bai cika jawo ƙara a kotu ba: kowa na iya shiga inuwarsa.

Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar addini. Wannan ba saɓani ba ne?

Abin da sashen ya ce gajere ne: gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin ƙasa ba. Bai ce gwamnati ba ruwanta da addini ba, kuma a kan wannan giɓin ake ta jayayya tun zaman majalisar tsara kundi ta 1977 zuwa 1978, inda wakilai Musulmi suka fice daga zauren saboda batun kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci. An sake tayar da ƙurar a 1986 da aka ji Najeriya ta zama cikakkiyar mamba a ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanin Babangida, sannan a 1999 da 2000 da Zamfara ta buɗe ƙofar shari'a, abin da mutanen jihar Kaduna ba za su manta da yadda ya ƙare ba.

A aikace, abin da muke da shi gwamnati ce mai riƙe addinai biyu, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu. Akwai hukumar alhazai, akwai hukumar masu ziyarar Kirista. Ana hutun Sallah, ana hutun Kirsimeti. A taron gwamnati liman ya buɗe da addu'a, fasto ya rufe, ko kuma a juya. Duk wanda ya taɓa shirya taro a Samaru ya san cewa mantawa da ɗaya daga cikin addu'o'in nan ya fi mantawa da abincin manyan baƙi haɗari. Wannan tsari ya kashe wutar rigingimu da dama, ba na raina shi. Sai dai an gina shi a kan cewa ɗan Najeriya ko dai na masallaci ne ko na coci, na uku kuwa ba a ajiye masa kujera ba.

Wai ma akwai marasa addini a garin nan? Ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba.

Rashin ganinsu ba shaida ba ce, domin wanda yake cikin wannan hali ba ya yin shela. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa addininsa ba, da gangan, don gudun rikici. Ta 1963 da ta tambaya ta nuna cewa kusan kashi 18 cikin ɗari ba Musulmi ba ne ba kuma Kirista ba, akasarinsu masu addinin gargajiya.

Kuma kalmar "marar addini" tana haɗa mutanen da ba su da alaƙa da juna. Akwai Maguzawa, Hausawa na asali da ke ƙauyukan ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, waɗanda da yawansu yanzu sun musulunta ko sun shiga Kiristanci. Su ba su musun akwai Allah, iskoki ne suke yi wa tsafi. Akwai wanda ke shakka a zuci amma yana bin sahu. Akwai kuma wanda ya yanke hukunci cewa bai yarda akwai Mahalicci ba. Gari mai jami'a irin ta Ahmadu Bello, wadda tun 1962 take tara mutane daga kowane lungu na ƙasar nan da wajenta, ba zai rasa kowane iri ba.

Jimla ce kawai a jikin tambari. Me ta rage wa mutum?

Nan ne tsakiyar maganar, kuma ra'ayina shi ne jimlar da ke jikin tambari ko jikin kuɗi ba ta rage wa kowa kome ba a karan kanta. Ba a tambayar mai riƙe da naira ko ya yarda da abin da aka rubuta a kai kafin a sayar masa da tumatir a kasuwar Sabon Gari. Matsala tana farawa ne a inda jimlar ta sauko daga bango ta shiga bakin mutum, aka ce sai ya furta, ko aka mayar da ita ma'aunin gane ɗan ƙasa na gari.

Ɗauki wurin yankar kati a asibiti. Ma'aikacin yana tambayar suna, da shekaru, da unguwa, in ya zo gurbin addini sau da yawa ba ya ko ɗaga kai: ya ji Musa, ya rubuta Musulunci. Mutanen Wusasa, unguwar Hausawa Kiristoci da ke Zariya, sun san wannan tun ba yau ba, domin Bahaushe Kirista mai suna Musa ko Dauda ko Yakubu sai ya riƙa gyara wa ma'aikata rubutu duk tsawon rayuwarsa. To shi yana da abin da zai ce a rubuta. Wanda ba shi da addini fa? In ya ce a bar gurbin haka, layin da ke bayansa gaba ɗaya ya ji, kuma cikin layin akwai maƙwabciyar gwaggonsa. Saboda haka sai ya yi shiru a rubuta masa na iyayensa. Ba a doke shi ba, ba a hana shi magani ba, amma an sa shi ya amince da ƙarya a kan kansa a takardar hukuma, kuma zai sake yin haka a fom ɗin makaranta, da na neman aiki, da na haya.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Idan yaro ya tashi yana jin cewa ƙasa da Allah a jimla ɗaya suke kullum, a layin safe, a rediyo, a bakin gwamna, sai ya ɗauka cewa wanda ya rasa ɗaya ya rasa ɗayan. Daga nan ake samun maganganu irin su "wanda ba ya tsoron Allah ai ba a ba shi amana". Amma mu da muka ga mutane sun ɗora hannu a kan Alƙur'ani da Baibul a dandali, aka buga ganguna, sannan suka kwashe kuɗin fansho, ya kamata mu yi sassauci wajen yanke hukunci a kan amanar wanda bai rantse da kome ba.

A kotu dole ne mutum ya rantse da littafi mai tsarki?

A'a. Dokar Rantsuwa ta 1963 da Dokar Shaida ta 2011 sun ba mai shaida damar yin alkawarin faɗin gaskiya ba tare da littafi ba, kuma nauyinsa a gaban alƙali ɗaya ne da rantsuwa. In ya yi ƙarya, hukuncin shaidar zur na kansa. Jadawali na bakwai na kundin tsarin mulki ma ya ba mai kama aiki zaɓi tsakanin rantsuwa da alkawari.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne waɗanda suka fi bin wannan ƙofa a kotunanmu. Zauna a kotun majistare na rabin yini za ka ji magatakarda yana tambayar dattijo, "Baba, za ka rantse da Alƙur'ani? Kana da alwala?" Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ni ba na dafa Alƙur'ani a kan rigimar iyakar gona. Zan faɗi gaskiya, ka rubuta." Ba wanda ke ganin laifinsa, hasali ma girmansa ake ƙara gani. Akwai Kiristocin da su ma ba sa rantsuwa sam, saboda hanin da ke cikin Linjilar Matiyu. Wato hanyar da marar addini zai bi, mai tsananin tsoron Allah ne ya fi takawa. Bambancin kawai shi ne dalilin da kowannensu zai iya faɗa a bainar jama'a.

A Ingila sai da aka yi dambarwa kafin a kai ga haka. An zaɓi Charles Bradlaugh ɗan majalisa daga Northampton a 1880, amma da yake an san bai yarda da Allah ba sai aka hana shi kujerarsa. Mazaɓarsa ta yi ta sake zaɓensa, bai zauna daram ba sai 1886, kuma a 1888 aka yi dokar da ta halatta alkawari a madadin rantsuwa.

Ana iya tilasta wa ɗalibi addu'a ko karanta alkawarin ƙasa a makaranta?

Game da addu'a, sashe na 38 ya yi magana ƙarara: ba za a tilasta wa wanda ke makaranta ya karɓi darasin addini ko ya halarci ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Wannan sashen ne dai Kotun Ƙoli ta dogara da shi a 2022 ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Duk wanda ya yi murna da wancan hukunci ya san cewa sashen bai ambaci Musulmi kaɗai ba. Cewa ya yi kowane mutum yana da 'yancin tunani da na zuciya da na addini, har da 'yancin sauya addini ko aƙida.

Alkawarin ƙasa ba ibada ba ne a idon doka, don haka lamarinsa ya fi sarƙaƙiya. A wasu ƙasashe kotuna sun tsaya wa yaran Shaidun Jehobah da suka ƙi sara wa tuta ko rera take: Kotun Ƙolin Amurka a 1943, ta Indiya a 1986. A nan gida kuwa malamin da ke riƙe da bulala a layin safe shi ne kotun, kuma ba kasafai yake sanin akwai wani sashe na 38 ba.

An ce Amurka ma "Ga Allah Muka Dogara" ne kirarinta. Tun kafuwarta haka yake?

Ba haka yake ba, kuma tarihinsa na da darasi. Waɗanda suka kafa ƙasar sun sa wata jimlar Latin a hatiminsu na 1782, mai ma'anar "daga masu yawa, aka zama ɗaya". Jimlar dogaro ga Allah ta fara bayyana ne a kan kwabon santi biyu a 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, lokacin da kowane ɓangare ke son nuna cewa Allah na tare da shi. Ba ta zama kirarin ƙasa a hukumance ba sai 1956, da Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar, sannan ta hau takardun dala a 1957. Shekaru biyu kafin dokar, a 1954, an cusa "a ƙarƙashin Allah" a cikin alkawarin tutarsu. Zamanin yaƙin cacar baka ne, ana son bambanta Amurka da Tarayyar Sobiyet mai aƙidar gurguzu da musun addini.

Haka Iraƙi. Kabbarar da ke kan tutarta Saddam Hussein ne ya sa ta a farkon 1991, ana dab da yaƙin Tekun Fasha, shi da jam'iyyarsa ta Ba'ath ba a san ta da riƙon addini ba. Sau da yawa gwamnati tana tuna sunan Allah ne ranar da take neman sojoji ko take neman ware abokan gaba.

Marasa addini a can sun kai ƙara? Me kotu ta ce?

Sun kai, sun kuma sha kaye. A 1970 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa kirarin ba shi da alaƙa da kafa addini, ado ne na kishin ƙasa da na biki. A 2004 wani likita mai suna Michael Newdow ya kai batun alkawarin tuta har Kotun Ƙoli saboda 'yarsa da ke makaranta, kotun ta sallami ƙarar a kan cewa ba shi da hurumin shigar da ita a madadin yarinyar, ba ta taɓa ainihin tambayar ba. Inda suka yi nasara shi ne inda aka nemi mutum ya furta da bakinsa: a 1961 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin jihar Maryland na cewa sai ka bayyana imani da Allah kafin ka riƙe muƙamin gwamnati.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hujjar da aka kare kirarin da ita. An ce a bar shi domin yawan maimaitawa ya sa ba ya nufin kome na addini. Mai imani da ya yi tafi da wannan hukunci, ya duba da kyau abin da ya yi wa tafi.

Akwai masu addini da su kansu ba sa son a sa sunan Allah a irin waɗannan wurare?

Ƙwarai. A 1907 Shugaba Theodore Roosevelt ya bari aka buga sababbin kuɗin zinare ba tare da jimlar ba, yana mai cewa sa ta a kan kuɗi ya yi kusa da wulaƙanta abu mai tsarki. Jama'a suka yi ca, majalisa ta dawo da ita a 1908. Saudiyya ba ta sauke tutarta zuwa rabin sanda ko da sarki ne ya rasu, saboda kalmar shahada da ke jikinta, kuma ta sha yin ƙorafi idan 'yan kasuwa suka buga tutar a kan ƙwallo ko tufafi.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. A cikin birnin Zariya har gobe za ka ga tsoho ya sunkuya ya tsinci 'yar takarda mai rubutun Larabci daga ƙasa, ya kaɗe ta, ya cusa a ramin katanga. Mutumin da ke haka ba zai so a buga sunan Allah a takardar da za ta shiga aljihun ɗan caca, a liƙa ta a goshin mawaƙi, a tattake ta a filin biki ba.

To rubutun Larabcin da ke jikin naira fa? Ba addini ba ne?

Ba Larabci ba ne, Hausa ce da haruffan ajami, kuma abin da ta ce shi ne "naira dubu", "naira ɗari biyar", "naira ɗari biyu". Babu aya, babu sunan Allah. An sa shi ne don ɗimbin mutanen da suka yi makarantar allo ba su yi ta boko ba. A 2007, zamanin Charles Soludo a Babban Banki, aka cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50 aka maye gurbinsa da Hausa da Yarabanci da Ibo a rubutun boko, a 2014 kuma sabuwar naira 100 ta cikar Najeriya shekara ɗari ta fito babu shi. Wani lauya, Malcolm Omirhobo, ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas a 2020 yana neman a cire sauran, kotun ta yi watsi da ƙarar a 2024.

Rigimar ajami ta Musulmi da Kirista ce, marar addini ɗan kallo ne a cikinta. Amma ta nuna yadda alama ke aiki: wanda bai iya karanta rubutun ba yana jin an ware shi ko da abin da aka rubuta farashi ne kawai, wanda ya iya kuma yana jin an ware shi ranar da aka goge.

Ƙasar da kirarinta ba shi da addini ta fi kyautata wa marasa addini ke nan?

Ba lalle ba. Nijar, da kusan dukan mutanenta Musulmi ne, kirarinta "'Yan'uwantaka, Aiki, Ci Gaba" ne, Gana kuma "'Yanci da Adalci", kuma ba wanda zai ce mutanen Maraɗi ko Kumasi sun fi mu sakaci da ibada. A ɗaya gefen, Ingila tana da cocin gwamnati wanda sarki ne shugabansa, amma a ƙidayar 2021 kusan kashi 37 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce ba su da addini, kuma ba abin da ya same su. Holan har yau tana buga "Allah Ya kasance tare da mu" a gefen kwabonta na yuro biyu. Sin ba ta ambaci Allah a ko'ina ba, kuma duniya ta san halin da Musulmin Uighur ke ciki a Xinjiang. Dokokin hukunta laifi, da halin 'yan sanda, da abin da maƙwabta za su yi su kwana lafiya, su ne ke nuna yadda marar rinjaye ke rayuwa a ƙasa.

Shari'ar Mubarak Bala tana da alaƙa da wannan batu?

Tana da alaƙa ta wajen yanayi, ba ta wajen doka ba. A lokacin shi ne shugaban wata ƙungiyar marasa addini ta Najeriya. An kama shi a Kaduna a watan Afrilun 2020 saboda rubuce-rubucen da ya yi a Facebook waɗanda Musulmi suka ɗauka ɓatanci ne, aka kai shi Kano, a watan Afrilun 2022 babbar kotun jiha ta yanke masa shekara 24 bayan ya amsa laifi, sannan a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara 5. Ba a tuhume shi da rashin imani ba, domin wannan ba laifi ba ne a kundin tsarin mulki. An tuhume shi da kalaman da za su iya tayar da hankalin jama'a.

Abu biyu ne mutanenmu ke cakuɗawa: zagin abin da wasu ke girmamawa, da kuma rashin yarda da shi. Galibin waɗanda shafin nan ke magana a kansu ba su taɓa zagin kowa ba. Abin da suka koya daga shari'ar shi ne su ƙara kame bakinsu.

Musulunci bai hana a zauna da irin waɗannan mutane ba?

Fatawa ta malamai ce, kuma batun ridda yana da dogon bayani a littattafan fiƙihu wanda ba nan ne wurinsa ba. Abin da kowane ɗan makarantar allo ya sani shi ne aya ta 256 a Suratul Baƙara ta ce babu tilastawa a addini. Tarihin ƙasar nan ma ya nuna Maguzawa sun zauna a ƙarƙashin sarakunan Musulunci suna biyan jiziya suna noman gonakinsu, kuma an san maganar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Wanda aka matsa wa ya furta imanin da ba shi da shi a zuci, munafuki aka ƙera, kuma Alƙur'ani bai sassauta wa munafunci ba.

To a cire kalmomin ne ko a bar su?

Ni ina ganin a bar su. Sauya sashe na 15 ko gabatarwar kundi yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36, kuma duk ɗan siyasar da ya kawo ƙudirin cire sunan Allah ya gama siyasa a Kudu da Arewa. Ko da an yi nasara, fushin da zai biyo baya a kan mutanen da ake son karewa zai sauka. Akwai marasa addini da ba za su yarda da ni ba, za su ce ƙasa ta kowa ce, bai kamata ta yi magana da harshen wasu kaɗai ba. Hujjarsu tana da ƙarfi a takarda, kuma Afirka ta Kudu ta nuna ana iya sauya kirari, domin a 2000 ta ɗauki sabo da harshen wata tsohuwar ƙabilar San, mai kiran mutane mabambanta su haɗa kai. Amma su sun yi haka ne bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, lokacin da kusan kowa ke son sabon shafi.

Ni ma'aikaci ne, ko malamin makaranta. A aikace me ake so in yi?

In kana yankar kati ko cike fom, tambayi mutum kafin ka rubuta masa addini, da murya ƙasa-ƙasa, in ya ce a bar gurbin ka bar shi. In gurbin ba shi da wani amfani ga aikin ofishinku, ka faɗa wa na gaba da kai a cire shi a bugu na gaba. In kai magatakardan kotu ne, ka ambaci zaɓin alkawari tare da na rantsuwa tun farko, kada ka jira sai mai shaida ya roƙa. In kai malami ne, yaron da ya tsaya cikin ladabi a layi bakinsa a rufe lokacin addu'a bai karya doka ba. In abin ya dame ka, ka nemi iyayensa a ofis, ba a gaban 'yan ajinsu ba. In kuma kana cikin masu tantance neman aiki a ma'aikatar gwamnati, sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa, don haka tambayar "wane masallaci kake salla" ko "wace coci kake zuwa" ba ta cikin abin da aka ɗauke ka ka yi.